Na Wajen Kaka

Shekarun baya, a wata damina da ruwa ya ɗauke alhali gero na shirin fidda kai, aka ɗauke ni koyon aikin lafiya. Shiri ne na ɗaliban da suka fito daga rugage da ƙauyukan da ba a saba ganin 'ya'yansu a asibiti ba sai da ciwo. Aka tura ni ƙaramin asibitin Tsamaye. Ni kuwa har na gama hango kaina cikin farar riga ina tsira wa mutane allura.

Uwar ɗakina, wata Bagobira mai faɗa da son mutane, ta miƙo mini tabarma da igiyar awon hannun yara mai launi-launi. Kore lafiya, ja kuwa tamowa ce, ciwon yunwa. Na ji haushi ƙwarai.

Wata rana wata Bafillatana ta zo da goyo, ƙafafunta fari fat da ƙasa. Na auna jaririn, kore. Na ce ta gode Allah ta koma gida. Ta goya shi, ta je bakin ƙofa ta tsaya tana gyara zanin da ba abin da ya same shi.

Uwar ɗakina ta taɓa ni. "Ɗiyata, wagga ba ta gama da mu ba. Ni ban san mi ya tsai da ta ba, amma ke kin san mutanenki. Tashi."

Ni ma Bafillatana ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, ana yaye shi kaka ke ɗauka. Ni ma 'yar fari ce. Na matsa kusa na tambaye ta da Fillanci, "Na wajen kaka fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Wancan, tun da shanu suka ƙafe ba ya cin komai."

Uwar ɗakina ba ta ko sa takalmi daidai ba ta ce, "Nemo muna mai babur, ni ma za ni." Muka tarar da yaron kwance a bukkar kakarsa, ƙafafu a kumbure, igiya ta faɗa can cikin ja. Uwar ɗakina ta rungumo shi da kanta har babban asibitin Sabon Birni. Ya jima a kwance, amma ya tashi.

Har yau ina jinjina wa matar da ba ta ji nauyin ce wa ɗaliba "ban sani ba". Amma uwar yaron ta fi tsaya mini a rai. Ta taka wannan nisa da lafiyayyen jariri, tana fatan wani ya yi mata tambayar.

Da na je gida hutu na ba kakata labarin, mahaifiyata na gefe kamar ba ta ji. Kaka ta yi dariya ta ce, "Nonon da nike ba ki kullum kina ƙarama, ke gan ni da saniya? Uwarki ka aje shi bakin bukkata, ta wuce."

Na juya. Mahaifiyata ta ci gaba da wanke ƙwaryarta, ba ta ɗago ba.