Zaben depite ba tawada

Na jefa anbulop cikin akwati, mutumen dake tsaron akwatin yace "a voté", wato nayi zabe, nasa hannu a takarda, sai na mikama madam din dake gefe yatsana. Nan Vaulx-en-Velin ne, yau lahadi, zaben depite wato 'yan majalisa, karo na farko tunda na samu takardun Faransa. Nasha babbar riga kamar ni ake zabe.

Ta dubi yatsa, ta dubeni. Sai ta kama hannun gaba daya ta gaisheni, "merci monsieur".

Ashe nan ba'a sa tawada. Ni kuwa nayima Baba alkawalin hoton yatsa, dan shi can Damagaram wanda baida tawada baiyi zabe ba.

Ina fita na kirashi a bidiyo.

"Nuna min yatsa."

"Baba ga tampon, hatimin da suka buga min a kartin zabe."

"Isuhu, tun kana karatu a lakwal ka iya hada irin wanga. Kai da baka tashi ran lahadi sai azahar? Yatsa nace."

Ni da unguwar Guillotière kaf ta sanni, yau ni ke neman shaida. Duk wanda ya ganni a layi ya rubuta nan kasa, zan karantama tsoho daya bayan daya.