Kaset ɗin Baba Labbo ba shi da mai fassara yanzu

Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Maradun: Baba Labbo mai goge ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abokin mahaifina ne. Ina yaro, in ya dawo daga gidan biki, alkakin da ke aljihunsa nawa ne, ko da ya farfashe.

Da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci garuruwanmu aka tashe mu, sai ya je Mafara ya yi kaset shi kaɗai, ba amshi, ba 'yan ƙwarya. Kowace tunga tana da takenta da ake kaɗawa ranar gayya. Taken kowacce ya bi da goge, ɗaya bayan ɗaya. Waƙa ɗaya tak ce a ciki, sauran duk goge ne zalla.

Mutane suka yi ta mita, wai ina kirari, ina sunaye? Ni ma da rashin kunyar ƙuruciya na tambaye shi.

Ya ce, "Wa za ni kira, ɗana? Masu sunan sun watse. Wanda duk yaj ji nashi, shi ka ganewa."

Haka kuwa aka yi. Inna tana tankaɗe ta ji na tungarmu, ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Ranar ba a yi tuwo da wuri ba.

Da daminar bana na je gaishe shi, na juye kaset ɗin a waya. Yatsunsa sun sandare, gogen na rataye, tsirkiyar ta tsinke. Na roƙe shi ya faɗa min kowane take na wace tunga ne. Ya faɗi kaɗan, tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Tahi, ka komo bayan girbi mu ƙarasa."

Gero yana gona har yanzu.

Abin da ke ci min rai ke nan. Garuruwan na ƙarƙashin ruwa, wanda ya riƙe sunayensu kuma an kai shi makwancinsa yau.

Zan ɗora sautin kaset ɗin a nan. Mai tsoho a Faru, Dakko ko Bakura, don Allah ya kunna masa, in ya gane nasu a rubuto min.

Allah ya jiƙan Baba Labbo, ya yafe masa, ya sa ya huta. Ku sa shi a addu'a, don Allah.