Rigar Ceton Yaya Nura

Ranar ƙaramar Sallah ta shekarar da na shiga aji uku, ruwa ya yini yana zuba a Guangzhou kamar da bakin ƙwarya, har Baba ya hana mu yawon Sallah. Muna zaune jugum-jugum cikin sabbin kaya sai yayanmu Nura ya busa usur, ya ce jirgi yana nutsewa. Jirgin kuwa gidanmu ne na haya a saman bene, kusa da tashar Huangpu inda Baba ke loda wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Dokar wasan ita ce kowa ya yar da abin da ke hannunsa, a taru a bakin matattakala ya ƙirga mu. Rigar ceto ɗaya gare shi, mai ruwan goro, irin wadda ke hana mutum nutsewa, ya saye ta a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgi ɗan Gana. Ranar ni aka ɗaura wa ita a kan leshina, ta sauko mini har gwiwa, ga cinyar kaza na ƙi saki. Ya ce, "Binta, in kika ji usur, kazar nan ba taki ba ce."

Haka muka taso. Mu dawo makaranta mu kai kulolin tuwon Mama ɗakunan 'yan kasuwa, mu taya Baba naɗe kwalaye da salatif, shi kuma Yaya yana baranda yana ƙirga jirage yana koya mana ƙullin igiya, har muka sa masa suna Kyaftin na Bene. Ya yi makarantar aikin jirgin ruwa ya gama, amma ba a ba mutum takardar ƙwarewa sai ya yi watanni a teku, kuma babu kamfanin da ya yarda ya ɗauki ɗan koyo. Kullum ya goge takalmi ya fita, ya dawo da kalma ɗaya, "meyo", wato babu. Tun muna tsokanarsa da ita har muka daina, don ya daina dariya.

Daga baya wani dillali ya samo masa wani tsohon jirgin kaya da ba ya tambayar takarda. Mama ta yi kuka. Na ɗauko masa rigar zan cusa a jakarsa, ya mayar mini ya ce, "Ajiye abarki, kowane jirgi yana da nasa, doka ce." Jirgin ya nutse a teku, Yaya bai dawo ba. Wani da ya tsira ya zo yi wa Baba gaisuwa ne ya faɗa mana sauran. Rigunan jirgin ba su kai yawan mutanen ba, igiyoyinsu sun ruɓe, kuma ba a taɓa busa musu usur ko sau ɗaya ba. Ya ce ganinsa na ƙarshe da Yaya, yana tara mutane yana ƙirgawa.

Yanzu ni ke zaune a ofishin Baba. Ina jin masu kaya suna ƙorafin wai jirage sun rasa ƙwararrun ma'aikata, alhali samari irin Yaya, da gogaggun takalmansu, ba su fasa zuwa tambayata ko na san wani jirgi da zai ɗauke su ba. Har yau zuciyata ba ta huce ba. Rigar tana nan rataye a bayan ƙofa, igiyarta ko sassautawa ba ta yi ba.