Sarkin Indiya da Ya Zauna a Ruwais

Ina da shekara talatin na buɗe shagon ɗinki a Ruwais, wata unguwa a bakin teku a ƙasa mai tsarki, bayan mun baro Sudan. A ɗakin da ke jikin shagona akwai wani dattijo Ba'indiye, dogo, idanunsa sun fara rauni. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bencina, mu yi hira da gurgun Larabcinmu.

Mun daɗe tare kafin ya gaya mini ko shi wane ne. Ashe sarauta ya gada a wata ƙaramar ƙasa a Indiya. Turawa suka nemi ya ba su samarin ƙasarsa su kai yaƙi, ya ƙi. Suka tuɓe shi, suka naɗa ƙanensa, suka saka shi a jirgin ruwa. Ya bar mata da 'ya mai shan nono.

Na ce, "Baba, ai Turawan sun bar ƙasarku. Me ya hana ka komawa?"

Ya ce, "Sarautar ma an rushe ta. Wa zan tarar?"

Wata shekara, gab da aikin hajji, wasiƙa ta iso: 'yar nan tana tafe. Ya roƙe ni in raka shi tashar jiragen ruwa, don ba ya gani sosai. Muka tsaya cikin rana alhazai suna sauka, ina riƙe da hannunsa. Can sai wata mata mai furfura ta tsaya gabanmu, ta faɗi wata kalma da harshensu. Ya shafa fuskarta da tafukansa biyu. Babu wanda ya yi kuka a wurin. Sai da muka isa gida na jiyo su ta bango.

Bayan hajji ta yi ta roƙonsa ya bi ta. Har ya sa na ɗaure masa kayansa. Da safiyar tafiya ya ce in kwance.

"Halas, shi ke nan, ɗana. Uwarta ta rasu tana jirana. Ba zan iya shiga gidan nan ba."

Ta tafi ita kaɗai. Ya ƙara shekara biyu, ba ya yawan magana. Ranar da ya rasu, mu Hausawan unguwa muka yi masa wanka, muka kai shi. Ni na nemi mai rubutu ya sanar da 'yar tasa.