Sunanka Yana Nan, Malam Ɗayyabu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilun 2025, labari ya iske mu a ofis cewa Allah Ya karɓi ranka, Malam Ɗayyabu Kolo na Mandawari, bayan gajeruwar jinya. Har yanzu jikina bai daina sanyi ba.

A ƙaramin kamfaninmu na manhaja da ke Ƙofar Mazugal, kai ka ɗauki aikin da kowa ke gudu. Kai kake rubuta bayanin umarnin da manhaja ke amfani da shi idan tana neman asusun ma'aikaci, wato rajistarsa ta shiga kwamfuta: a ba ta suna ta kawo lamba, a ba ta lamba ta kawo suna. Da Hausa kake rubutawa, don masu koyo. Ina yawan tsokanarka cewa babu mai karantawa, kai kuma ka ce, "Zinariya, ranar da ta ɓaci za a karanta." Ni kaina da bayaninka na koyi aikin. Ba ka taɓa nuna gajiya da tambayata ba, ko da na maimaita ta.

To, ta ɓaci, Malam. Ba a gama zaman makokinka ba manajanmu Alhaji Maharazu ya kira ni. Ya ce in goge asusunka daga babbar kwamfuta, in ba Hashim, sabon ma'aikaci, lambarka. Shi dai tsari yake so, ba mugunta ba ce. Amma ni na san kwamfuta ba ta riƙe sunan mai aiki a jikin aikinsa, lamba take riƙewa. Da an ba Hashim lambarka, duk abin da ka rubuta zai koma ɗauke da sunansa.

Na ce ba zan iya ba. Ya ɗaure fuska ya ce, "Malama, umarni na ba ki, ba shawara ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, ga tsoron rasa aikina. Na buɗe bayaninka a kwamfuta na juya masa ita. A can ƙasa ka rubuta cewa idan mutum ya tafi, a kulle asusunsa, kada a goge, kada kuma a ba wani lambarsa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya share ido da hannun riga, ya ce a kulle.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari ya bi ka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya 'Yardada, da matarka Nana Hauwa, da 'ya'yanka. Allah Ya ba su haƙuri.

Yau da safe na ba kwamfutar lambarka, Malam. Ta amsa min da sunanka.