Tudu Uku a Hanyar Utai

Ban taɓa mantawa da ranar da aka ce in kankare tudun da na gina da hannuna ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina foman a wani kamfanin gyaran hanya a Wudil, wato ni ke kan leburori, injiniya kuma yana kaina.

Akwai wani ƙauye a hanyar Utai da titi ya raba biyu, gidaje a nan, masallaci da famfo a can. Duk mai son salla ko ruwa sai ya tsallaka. Mai unguwarsu, Malam Haladu, ya yi ta zarya ofishinmu kafin a yarda mu yi musu tudun rage gudu guda uku. Ga wanda bai san aikin ba, tudu ba tarin kwalta ba ne kawai. Ana yi masa gangara yadda babur zai hau lafiya, a shafa farin fenti, a kafa allon gargaɗi tun daga nesa. Haka muka yi.

Da damina ta kama, sai wasu 'ya'yan masu hali daga Kano suka gano hanyar. Ƙungiya ce ta masu son motocin Japan, irin waɗanda ake sauke wa ciki har su kusa sharar ƙasa, a buɗe musu salansa su riƙa ruri. Sukan ɗauko baƙi bayan isha'i su zaga da su gari, su zo bakin kogi su ci kifi, sannan su gwada gudu inda hanya ta miƙe. Ɗayansu ya hau tudunmu, gaban motarsa ya tsage.

Wata Laraba da safe injiniya ya kira ni wurin. Na same shi tare da mai motar, saurayi da baƙin tabarau, wanda ko sannu bai ce mini ba.

Injiniya ya ce, "Foman, yau za a cire tudun nan duka uku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me suka yi? Ai kai ka auna su."

"Umarni ne daga sama."

Saurayin ya sa baki. "Baba, wannan ba irin akwalar da ka saba gani ba ce. Daga Japan aka yi odarta."

Na ce, "Ɗana, in motarka ba ta iya hawa tudu, ai ita za a gyara, ba hanyar jama'a ba."

Dariya ya yi, ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto. Wallahi da ba don furfurata ba, da na yi abin kunya a ranar. Na ce wa injiniya ba da ni ba. Ya ce in tafi gida sai an neme ni. Kafin azahar an kawo gireda, Malam Haladu yana tsaye yana kallo aka share komai.

Motocin suka dawo da gudunsu, har wata rana suka kusa kwashe masu fitowa daga masallaci. Mutanen gari suka gaji, suka jawo kututturan darbejiya suka gicciya a titi, suka lulluɓe da ƙasa. Ba gangara, ba fenti, ba allo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, samarin ba su ma ga kututturan ba. Sun gaji da wurin, sun koma wata hanya. Wanda abin ya faɗa wa shi ne Isuhu, ɗan Malam Haladu, tela ne a Kano, bai san an sa komai ba. Ya taho ganin gida a babur da magariba ana yayyafi, ya ci karo da kututturan. Ƙafarsa ta dama likitoci suka yanke.

Da aka dawo da ni bakin aiki, abin da aka fara tura ni shi ne in kwashe kututturan, wai sun saɓa wa doka. Muna sauka Malam Haladu ya fito. Na gaishe shi, na yi masa jaje.

Ya ce, "Foman, bari in kama muku. Ni na ce a sa su."

Dattijon nan ya naɗe hannun riga, ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka jefa a kwari. Da na koma na roƙi injiniya mu mayar musu da tudunsu, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce babu shi a aikin bana.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji daga bakina. Zuba kwalta kowa zai koya. Amma in aka ce ku cire wani abu daga kan titi, ku fara tambayar wa ya roƙa aka sa shi, ku je ku kalli idonsa. Wanda ya ce a cire ba a garin yake kwana ba.