Kwalbar da Na Cika wa Ƙanin Matata

Shekarar da aka hana acaɓa a Kano na jingine babur na karɓi adaidaita sahu. Ina zaune a Unguwar Gano da matata Hadiza da 'yarmu, ina jigilar fasinja tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni. Ko goro ba na ci. Shi ya sa abokan aiki suke ce min Ustazu.

Sunan nan ne ya jawo min. Wata rana wani soja cikin kayan gida ya ɗauke ni shata. Da ya ji yadda ake kirana, ya ce, "Ustazu, da gaske ko sigari ba ka sha?" Na ce da gaske. Ya ce an fara yi musu gwajin ƙwaya a bariki, dole kowa ya ba da fitsari, wanda aka kama kuwa kakinsa ya tafi. Ya miƙo min 'yar kwalba. Na ce najasa ce fa. Ya ce a wurinsa magani ce. Na zagaya bayan katanga na cika masa.

Shi ya kawo wani, wani ya kawo wani. Na riƙa gaya wa kaina ai ba sata nake yi ba. Sai ɗayansu ya ga ina dafe ƙugu saboda zaman tuƙi, ya ba ni tiramol, ya ce ɗaya kawai, baya zai saki. Ya saki kuwa. Kafin damina ta fita, idan ban haɗiya ba hannuna rawa yake a kan kambu, in zauna in tashi, barci ya ƙi. Na fara ɓuya wa sojojin, don na san abin da nake sayarwa ya lalace. A unguwa kuwa har yanzu ni ne Ustazu.

Mutum ɗaya ne ban iya ɓuya masa ba, Kofur Sabi'u, ƙanin Hadiza. Ya dawo daga daji, ya same ni a soro.

"Yaya, an ce kai ne likitan bariki," in ji shi yana dariya.

Na ce, "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, wa ya ba ka bindiga?"

Dariyar ta ɗauke. Ya ce a daji ya sha ƙwaya, kowa sha yake don ya iya tsayawa, amma tun kafin azumi ya daina. Tsoronsa kada a ga saura a jikinsa. Ga aurensa ya matso, ga Innarsu shi take kallo. Sai ya miƙo min kwalba.

Ina jin motsin Hadiza a tsakar gida tana zuba masa abinci. Kalma ɗaya ta isa: Sabi'u, ni ma ina sha. Na dubi kwalbar, na dubi ƙofa. Na ji kunyar a ji a gidan surukai. Na shiga banɗaki na cika.

Gwaji ya nuna ƙwaya. Sabi'u ya rantse ba nasa ba ne. Aka sake gwada shi, mutum na tsaye a kansa, nasa ya fito tas. Da bai zo wurina ba, da ya wuce lafiya. Amma musanyar kanta laifi ce. Aka tuɓe masa kaki, ni kuma aka ɗauke ni a bakin titi da ƙwaya a aljihu.

A gidan yari na yi ta amai da karkarwa har jikina ya haƙura. A can na fara koyon karatu da rubutu, yanzu ma ina zuwa ajin manya.

Da na fito na nemi Sabi'u. Gadi yake yi a wani gida a Daurawa. Na durƙusa, ya ce in tashi. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Yaya, ai da ka gaya min." Na tuba ga Allah, amma maganar nan ba ta bar ni na zauna wuri ɗaya ba har yau.

Samari, kada ku karɓi ƙwayar farko, ko don ciwon baya ne. In kuma kun riga kun fara, ku faɗa wa na gida tun da bakinku. Ni da na yi shiru, ga abin da ya tafi: shekara uku, adaidaita, Hadiza, 'yar da ba ta gane ni ba da na fito, da kakin mutumin da ya riga ya daina.